Idon Fanar a Saman Benenmu

Kullum da hantsi akwai wani mutum da ke ratsa layinmu a unguwar Darrasa ta birnin Alƙahira da keken jaki, yana kwarara ihu: "Bikyaaa!" Mai sayen tarkace ne. Tsohuwar fanka, tukunyar da ta huje, kujera mai ƙafa uku, duk abincinsa ne. Muryarsa kuwa, wallahi in ya buɗe baki tattabarun unguwa tashi suke, ba sa sauka sai Giza. Kowa ya saba da shi, ba mai ko ɗaga kai. Ni kaɗai ce in na ji shi shayi ke fita raina, don a kan kekensa aka ɗora gilashin Kakana aka tafi da shi.

Kafin in ci gaba, gara ku ji daga bakina: a gidanmu an san ni da ƙarin gishiri. Ni ce na ce magen mai sayar da wake ta kai jaki girma. Ni ce na ce malamar lissafinmu ta yi atishawa allo ya faɗo. To amma magen babba ce, allon ma ya girgiza, ku tambayi kowa. Wannan labarin dai in kun ji gishiri, a gefe yake. Tsakiyarsa ban taɓa ba.

Mu Hausawan Sudan ne. Kakan Kaka ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai tafi Makka, ya iso bakin Bahar Maliya guzuri ya ƙare, ya ce bari ya ɗan huta. Har yau hutun nan muke yi. Daga can muka gangaro Alƙahira ina ƙarama, tun kafin yaƙin da ya koro sauran dangi. Baba direba ne a Dokki, a can yake kwana, sai ya bar ni hannun yayarsa, Gwaggo, ita da mijinta da 'ya'yanta maza biyu masu kai kamar kankana. Muna haya a hawa na ƙarshe. A samanmu kuma, a kan rufin benen, akwai wani ɗan ɗaki da Hajja mai gidan ta bar wa Kaka, mahaifin Baba da Gwaggo, saboda ba mai son hawa can sai masu shanya.

Kaka kuwa ko fada ka ba shi ba zai sauko ba. Ya ce tunda ya girma bai taɓa kwana a inda wani ke taka masa kai ba, don shi ma'aikacin fanar ne.

Fanar, in ba ku sani ba, hasumiya ce doguwa da ake ginawa a bakin teku ko a cikinsa, a sa mata fitila a ka, don jiragen ruwa su san inda haɗari yake. Tasu Kaka a tsakiyar ruwa take, a kan duwatsun murjani masu kaifi da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa suna jiran cikin jirgi. Turawa ne suka gina ta tun kafin a haife shi. Ba itace, ba maƙwabci, ba ko akuya. Kwalekwale ne ke kawo musu ruwan sha da gari da kananzir, in iska ta yi gardama kuwa su ci kifi da safe, kifi da rana, kifi da yamma, har ya ce akwai lokacin da ya ji ƙaya na tsiro masa a baya. Kun ga inda na gado.

Yakan ba ni labarin ne da yamma, ina zaune kan bokitin da aka kifa. Matakalar cikinta murɗaɗɗiya ce, kana hawa kana juyawa, ka isa sama kanka na ci gaba da tafiya. A can ƙoli akwai ɗaki na gilashi zalla. Fitilar kanta ba wata babba ba ce. Abin da ke kai haskenta nesa shi ne gilasan da suka kewaye ta, masu kauri, zobe a kan zobe, sun fi mutum tsawo. Duk nauyin nan a kan kwamin zaiba yake yawo, har yaro zai iya tura shi da yatsa. Wani ƙarfe mai nauyi da ke sauka a hankali ta tsakiyar hasumiyar shi ke juya shi, in ya kusa ƙasa sai mai gadi ya murɗo shi sama da hannu. Kuma kowace fanar da irin ƙiftawarta, wata ta ƙifta ta huta, wata bi da bi, don matuƙi ya gane wace gaɓa ce a gabansa. Kaka ya ce in ka yi gyangyaɗi juyin ya tsaya, ka yi wa jirgi ƙarya ke nan, ƙaryar da ake biya da rayukan mutane.

"Ba irin taki ba, amarya," in ji shi. Amarya yake kirana, ni kuma in ce ba na auren mai haƙori huɗu.

Da muka karanta a makaranta cewa a Iskandariya an taɓa yin wata fanar da duniya ke zuwa kallo, girgizar ƙasa ta rushe ta, aka gina ganuwa a gurbinta, na rugo na faɗa masa a kunne, don kunnensa ya yi nauyi, sai ka yi ihu kamar mai bikya. Ya gyaɗa kai ya ce waccan ta mutu da mutuncinta. Tasu kuwa, wasu samari ne suka zo da sukurudireba, suka kwance tsofaffin gilasan suka zube, suka ɗaura wata 'yar fitila mai cin hasken rana wadda ke kunna kanta, suka ce wa ma'aikata Allah ya ba da lada. A cikin abin da aka zube ya tsinci na tsakiya, wanda suke kira ido, ya naɗe a rigarsa ya taho da shi.

Idon nan ya kai faranti babba, kauri kamar burodi, nauyi kamar ni a lokacin. In ka leƙa ta cikinsa sai ka ga Alƙahira ta kife, hasumiyoyin masallatai sun yi ƙasa da kai. Kullum rana na faɗuwa Kaka zai fito da shi, ya kunna fitilar ƙwai a bayansa, ya riƙa rufewa da murfin tukunya yana buɗewa. Jiragen da yake ceto su ne tagar wani tela da ke tsallake da barandar ɗaliban Kano, waɗanda kan ɗago masa hannu suna dariya. Idan kananzir ɗin da ya auna ya ƙare, ya kashe, ya taɓa lagwani da yatsa ya tabbatar ya mutu, sannan ya shiga ɗaki.

Doka ɗaya ce da shi. Ido ba ya ganin rana. Kafin gari ya waye ya naɗe shi a wani baƙin ƙyalle, ya tura ƙarƙashin gado. Ya ce a fanar ma aikin farko da safe shi ne jan labule a kewaye gilasan, don gilashin da ke tura ƙaramin haske nesa shi ne kuma ke tara babban haske wuri guda. In rana ta shiga ta cikinsa, wuta ce ke fita ta baya.

Gwaggo ta tsani ƙyallen nan kamar shi ya kashe mata miji, alhali mijin na nan da ransa yana cin abinci kamar mutum uku. Mace ce mai tsabtar bala'i. Da za ta samu dama da ta wanke kogin Nilu ta shanya. Kuma kunyar Kaka take ji. Larabawan benen suna kiransa tsohon mai fitila, yara na bin sa suna ƙifta ido, ita kuwa so take a ɗauke mu mutanen kirki waɗanda ba su da mahaukaci a sama.

Da bazarar da na shiga aji huɗu aka sa bikin 'yar Hajja. A nan in za a aurar da yarinya, ana kiran mai katifa ya zo gida, a zube auduga a saman bene, ya yi ta shiɓar ta yana cusa katifu da matasai da barguna, mata na guɗa, ana raba lemo. Aka hawo da auduga buhu-buhu. Ta cika rufin, fara sol, har sai da na ce girgije ne ya gaji ya zauna. Zafin kwanakin kuwa, in ka ajiye ɗanyen ƙwai a dakali ka je ɗauko gishiri, ka dawo ka ci.

Ranar Juma'a ce ƙawayen Hajja za su hau ganin kaya. Tun da safe Gwaggo ta sa wa Kaka farar riga, ta tura shi babban masallaci da wuri, ta ce ya samu sahun gaba. Yana juya baya ta faɗa ɗakinsa da omo. Ta wanke tabarma, ta wanke buta, ta wanke murfin tukunya. Sannan ta jawo ido daga ƙarƙashin gado, ta warware ƙyallen da yatsa biyu ta jefa a ruwa. Gilashin ma ta cuɗe shi tas, ta jingina shi da ƙafar kujera ya bushe, fuskarsa ga rana, tarin auduga a bayansa.

Na ce, "Gwaggo, Kaka ya ce ba a barin sa a rana."

"Kaka ya ce kuma kifi ya taɓa yi masa sallama."

"Wallahi wuta yake yi."

"Gilashi? Jiƙaƙƙe? Ke da shi Allah ya shirye ku. Yalla, sauka ki sayo burodi, kuma in kin tsaya surutu sai na yanke harshen nan na soya."

Na sauka. Maza duk sun tafi masallaci, har mai katifar. Mata suna ƙasa wajen girki. Layin burodi ya yi tsawo kamar kowace Juma'a. Ina dawowa, tun daga bakin lungu na ga mutane sun ɗaga kai.

Ban san ko kun taɓa ganin auduga na ci ba. Ba ta ruri, ba ta gargaɗi. Gudu wutar ke yi a kanta kamar an kwance kare. Kafin samarin layi su hawo da bokitai, girgijen nan ya koma baƙar laka mai wari. Ba wanda ya ƙone, alhamdu lillahi. Amma katifu, barguna, yadin da aka zaɓo tun bara, duk sun tafi. Amaryar ta suma, aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, ta duba, ta sake suma. Hajja ta yi ihun da ya sa mai bikya ya zama abin tausayi.

Ni kuwa ba wutar nake kallo ba, Gwaggo nake kallo. A cikin hayaƙi da turereniya na ga ta sunkuya ta ɗauke gilashin, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyallen, ta shiga ɗakin Kaka. Da ta fito, fitilar ƙwai ce a hannunta. Ta ajiye ta a gefen tokar, ta tura ta da ƙafa ta faɗi.

Kaka ya hawo a hankali da farar rigarsa, carbi a hannu, ya tarar da duk benen na jiransa. Mijin Gwaggo ya ɗaga fitilar sama kamar ya kamo ɓarawo. Hajja ta ce ta daɗe tana faɗa, tsoho da wasan wuta a kan gidan mutane. Sai da aka maimaita masa da ƙarfi sannan ya gane abin da ake nufi: wai ya bar fitila a kunne ya tafi.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Da sun ce ya yi sata da ya fi masa sauƙi. Ya ce da Larabcinsa na bakin teku, duk shekarun da ya yi a fanar bai taɓa barin wuta ba kowa a kanta ba, ko da zazzaɓi, ko ranar da aka aiko masa mahaifiyarsa ta rasu. Ya shiga ɗaki. Muna jin sa ya jawo abu daga ƙarƙashin gado. Ya fito yana shafa tafin hannunsa a riga, ya bar danshi a farin yadin, ya tsaya yana kallon 'yarsa.

A nan na buɗe baki. Na faɗi komai, da Larabci, don kowa ya ji: wanki, kujera, rana, fitilar da aka tura da ƙafa. Na rantse har da abin da ban san ma'anarsa ba.

Sai mijin Gwaggo ya ce, "Ya Hajja, wannan ce fa mai mage kamar jaki."

Dariya ta tashi a kan toka. Har amaryar ta murmusa. Wani ya ce rana ta shekara dubu tana haska Darrasa, sai yau ta ga damar cin katifa. Gwaggo ta kama kunnena ta murɗe, tana yi wa mutane murmushi, sai da na ji ƙaransa a ɗaya kunnen.

Hajja ta yanke hukunci. In mai hankali ne ya yi mata wannan, yau za mu kwashe kayanmu. In kuwa tsufa ne, tsufa na Allah ne, amma tsohon ya bar mata rufi, da shi da tarkacensa.

Gwaggo ta matsa kusa da kunnen Kaka. Da Hausa ta yi maganar, don ta san ba mai ji sai mu, kuma dole ta ɗaga murya, sai ya zama kamar lallashi take yi.

"Baba, ko kai ka sauko, ko mu duka mu kwana a titi da yara. Khalas, magana ta ƙare. Ka faɗa musu."

Ya dube ta, ya dube ni da kunnena a hannunta. Ya juya ga Hajja ya ce, "Ni ne. Na manta."

Hajja ta ce ma'alish, wato ba komai, ya hajji, Allah ya sa mu gama lafiya. Mata suka yi ta tausaya wa Gwaggo da irin nauyin da take ɗauke da shi. Baba ya zo daga Dokki washegari, ya saurari yayarsa, ya sayi wata audugar, ya ce mini in rage baki.

Da hantsin ranar ne mai bikya ya ratso. Gwaggo ta kira shi ta taga. Ya juya gilashin, ya ƙwanƙwasa, ya ce ba ƙarfe ba ne, ba tagulla ba, me zai yi da shi? Da ƙyar ya yarda ya ba ta robar wanki shuɗiya. Ya jefa ido a kan keke tsakanin wata fanka da murhun da ya mutu. Kaka ya leƙo daga saman matakala yana kiran mutumin, ba don a dawo masa da shi ba. Cewa yake a rufe shi, a rufe shi da wani abu, akwai rana. Mutumin ya ɗaga masa hannu ya kaɗa jakinsa.

Aka sauko da Kaka ɗakin ajiya na cikin gidanmu, inda ake zuba albasa da tsofaffin akwatuna. Ba taga. Ƙwan lantarki ɗaya ne, makunninsa a waje, don Gwaggo ta ce ba za ta sake barin wuta a hannunsa ba. Ƙafafunsa suka kumbura, ya daina fita. Ba ya jin kiran salla, a unguwar da kiran salla ke tsinka barcin matattu. Sai ya koma tambayar duk wanda ya gifta ƙofa: "Rana ta faɗi?"

'Ya'yan Gwaggo suka samu abin wasa. Da tsakar rana su leƙa su ce ta faɗi, Kaka. Ya lallaɓa ya tashi ya kabbara magariba, su kuma suna bayan ƙofa suna cusa riga a baki. Wani lokaci su sa shi ya yi ta sau biyu kafin la'asar. Gwaggo ta sani, ta ce yara ne. Na ciji babban a kafaɗa har yau da tabon, na sha duka, washegari suka ci gaba. Daga nan Kaka ya daina tambayar kowa sai ni. In na dawo makaranta ya ce, "Amarya, hau ki gano mini." In hau, in jira ta nutse a bayan gidaje, in sauko in yi masa ihu a kunne. Ya ce madalla, ya ɗaga hannu yana laluben wani abu a gefensa, sannan ya tuna, ya mayar da hannun kan cinya.

Da sanyin shekara ta biyu ya daina tambayata ni ma. Kafin sanyin ya wuce aka fitar da gawarsa.

Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare. Rufin ya cika da dangin da yaƙi ya koro, an kafa labule an raba ɗakin Kaka biyu, girki ma a can suke yi da gas, Hajja ba ta ce komai ba tunda ana ba ta haya. An ce jiragen yanzu da na'ura suke gane hanya, kamar yadda Baba ke gane lungunan Ma'adi da waya. Da yamma Gwaggo kan hau ta ba baƙi labarin ranar da tsoho ya kusa ƙone Darrasa. Kullum wutar na ƙara tsawo, bara ma har ta lashi gidan tela. Suna dariya suna riƙe ciki, ba wanda ya taɓa ce mata ta ƙara gishiri.

Ɗakin ajiya kuwa bai yi sati a wofi ba. Gwaggo ta samu abin da ta daɗe tana mafarki, injin wanki, aka shigar da shi daidai inda gadon yake. Mai haɗawa ya shinshina ɗakin ya ce danshi ya yi yawa, in ba iska injin zai yi tsatsa. A ranar ta nemi izinin Hajja, a ranar aka kira magini ya fasa bango.

Taga ce babba, tana kallon yamma. In kin tsaya kina jiran kaya su gama juyawa, har faɗuwar rana kike gani, tas, ba abin da ya tare.